Kunyar da Ta Kai Ɗiyata Argungu

Duk wanda ya ji labarin a Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, abu ɗaya yake faɗi: wai rashin haƙurina ne ya kori ɗiyata daga gidana. Ba haka ba ne. Rashin haƙuri kam ina da shi, ban taɓa ɓoyewa ba, tun ina sakandare aka san ni da shi. Amma da a ce da shi na yi aiki ran nan, da yarinyar ba ta je ko'ina ba. Abin da ya fitar da ita daga hannuna shi ne, sau ɗaya a rayuwata na sunkuyar da kai na faɗi abin da ake so mace mai kunya ta faɗi.

Ita ce 'yar farina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. In ya faɗi wani ke ɗaga shi. In an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ni da bakina ba ya shiru, wannan kaɗai na riƙe da kyau, don uwata ta ja mini kunne tun ina da cikinta: duk abin da za a faɗi a kanki a faɗi, amma kada a ce ba ki da kunyar ɗan fari.

Da ta kusa shekara biyu, uwar mijina, wadda duk muke kira Inna, ta zo ta tafi da ita Argungu yaye, kamar yadda aka saba. Aka ce wata ɗaya. Sai da ta yi shekara biyu da rabi a can. An dawo mini da ita ne don a sa ta makaranta, tana kiran kakarta Inna, ni kuma Anti. Ban gyara mata ba. Gyarawar ma rashin kunya ce.

Safiyata a lokacin ba ta da wurin da za a cusa allura. Maigidana yana noman rani a fadamar Ambursa. Da an idar da sallar asuba yake hawa babur, kuma dole kular abincinsa ta kasance ɗaure a baya, don ba ya dawowa sai magariba. Famfon gidan hayarmu yana kawo ruwa da sassafe na ɗan lokaci, mu ɗaki huɗu muna layi, wadda ta makara sai gobe. Ga yaro a goye, wata tara, yana haƙora. Ga sana'ata ta gumi: in jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tun jiya, da safe in ɗora a rabin duro in turara, in kwashe in shanya a tamfol. Gumi ba ya jiran kowa. In ya wuce a wuta ya dafe ya yi baƙi. In aka makara da shanya, rana ta buge shi lokaci ɗaya, da an kai inji sai ya kakkarye ya zama tsaki. A tsakiyar duk wannan akwai yarinya da za a yi wa wanka, a ba ta kunu, a sa mata kayan makaranta, a kai ta kafin a rufe get.

Kuma yarinyar nan ba ta san sauri ba. Ta kai ludayi ɗaya baki, ta tsaya kallon ƙadangare a katanga. Ta sa takalmi ƙafa ɗaya, ta zauna tana yi wa ɗayan magana. In za ta wanke hannu, kowane yatsa daban take wankewa, da wata waƙa da ta taho da ita daga Argungu, kuma in na katse ta sai ta koma farko. Ba taurin kai ba ne. Da taurin kai ne da na san yadda zan yi da shi, don ni ma ina da nawa. Ita dai duniyarta a hankali take tafiya, tawa kuma a guje.

Maƙwabciyata Bayarabiya ce, tana da shagon kayan masarufi a jikin gidanmu, ta daɗe a Birnin Kebbi har bakinta ya koma irin namu. Iya mai shago muke ce mata. Wata rana na fito ina jan yarinyar da hannu ɗaya, ta leƙo ta ce:

"Wai ni kam, mi as sunan ɗiyag ga taki? Yi-Sauri ko Tashi-Mana? Su biyu kaɗai nike ji ta katanga tun asuba."

Na ce, "Iya, in kina da lokacin raha, zo ki kwashe min gumi."

Ta ce, "Mai haƙuri shi ka dahwa dutse."

Na ce, "Ni ba dutse niɗ ɗora ba, shinkahwa ta, kuma tana ƙonewa."

Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Abin ya faru ne lokacin da Inna ta zo a duba mata ido a asibiti, ta sauka wurinmu kwana uku. Rana ta uku Laraba ce. Ruwa ya ɗauke ina da sauran bokiti biyu ban cika ba. Yaron ya ɓata zanen goyo har bayana. Gumi yana wuta, na fara jin ƙamshinsa yana juyawa. Rigar makaranta biyu gare ta, ɗaya tana kan igiya ba ta bushe ba. Don in rage lokaci, na sa mata ɗayar kafin ta sha kunu. Ni na yi wannan, ba ita ba. Na miƙa mata kofi na ce ta shanye kafin in juyo. Da na juyo ta tashi da kofin a hannu tana tafiya wurin kakarta, za ta nuna mata wani abu da ta gani a ƙasa, ƙwaro ne ko tsakuwa, har yau ban sani ba. Ta yi tuntuɓe da bakin tabarma. Kunun ya sauka tun daga wuyan rigar har gwiwa.

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Ƙarar marin na fara ji kafin in san hannuna ne.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, shatin yatsuna huɗu yana tasowa a kumatunta, sannan ta juya ta je ta kifa fuska a cinyar Inna, kunun jikinta yana ɓata wa tsohuwa zane. Inna ta cire mata rigar, ta nemi ruwa a ɗan abin da ya rage, ta zauna ta wanke rigar da kanta, a hankali, kamar babu wata makaranta a duniya. Ran nan ba a je ba. Gumin ma ya ƙone, na kwashe shi baƙi ƙirin daga ƙasa.

Bayan la'asar Inna ta kira ni. Na durƙusa a bakin tabarmarta.

Ta ce, "Gobe za ni koma. Na ce ko in tahi da ƙawata ta yi min kwana biyu?"

Ƙawata take ce wa yarinyar. Tambaya ce ta yi, ba umarni ba. Kuma amsa tana bakina a shirye: tana makaranta, Inna, a bari sai an yi hutu. Wannan ba wanda zai kira shi rashin kunya. Amma ni ba makarantar ce a raina ba. Abin da ke raina shi ne kada a sake ɗauke mini ita, yanzu na fara sanin yadda take barci, yanzu ta fara yarda in taje mata kai. Kuma na ji tsoron in na buɗe baki da maganar makaranta, wancan ne zai fito, a gaban uwar mijina, ranar da ta ga abin da na yi da safe. Sai na nemi maganar da ba za ta kunyata ni ba. Akwai ta a ajiye, kowace mace ta san ta. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ai taku ta, Inna. Ni mi nawa a ciki?"

Inna ta ɗan dube ni da idonta mai magani, ta ce, "To, madalla."

Labule ya motsa. Ashe yarinyar tana bayansa.

Abin da na gani bayan nan ba zan manta ba. Ta shiga ɗaki ta jawo jakar leda daga ƙarƙashin gado, ta zuba kayanta, riguna, ɗankwali, silifas, 'yar tsanarta ta kara, duk kafin in miƙe daga durƙuson. Wata shida ina ce mata yi sauri. Ran nan ta yi.

Da suka tafi, gidan ya yi mini faɗi. Kafin bakwai na safe na gama komai, ruwa cike, kula ta tafi, gumi a shanye, yaro ya koma barci. Sai in tsaya a tsakar gida da hannu biyu ba abin yi. Lokacin da nake ta kukan ba ni da shi ya zo, kuma ban san inda zan sa shi ba. Yaran gidan suna fita makaranta, ni ina juya shinkafar da ba ta buƙatar juyi.

Matan gidan kuwa sun samu abin faɗi. "Kin huta." "Dama ke da yara sai a hankali." Wata ta ce a gabana, wai gara da kakar ta ɗauke ta tun ban ji mata ciwo ba. Na amsa mata da abin da ba zan rubuta a nan ba, wanda ya ƙara tabbatar musu da abin da suke faɗi.

Kwana biyu ya zama sati biyu. Na tambayi maigidana yaushe za a dawo da ita. Yana wanke laka daga ƙafarsa, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Ke kic ce a tahi da ita. Inna ta hwaɗa min abin da kic ce."

Na ce, "To mi kaka so in ce? In ce ma uwarka a'a?"

Ya ce, "Ni kike ce ma a'a sau goma kullum."

Na ce, "Kai daban."

Ya ce, "To ni ba ni zuwa in ce ma Inna ta maido ɗiyad da uwatta ta bayar da bakinta. Ki bari, za ta kawo ta."

Shi ma 'yar farinsa ce, kunyar ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure ni, sai dai shi ɗaurin bai dame shi ba. Yana fita asuba ya dawo magariba, ba ya ganin gurbin da ta bari.

Iya mai shago kaɗai ta gane. Na je sayen sabulu ta riƙe sabulun ba ta miƙo ba.

Ta ce, "Kin rame."

Na ce, "Zafi na."

Ta ce, "Zafin mi? Ku da kunyarku! Ni ɗana na hwari, sunanai nike kira tun daga nan har bakin titi, in rungume shi gaban kowa, kuma ban ga sama ta hwaɗo ba. Ɗiyarki ta ko ba ɗiyarki ba?"

Na ce, "Ku naku daban, Iya."

Ta ce, "Cikin da ya ɗauka dai iri ɗaya na." Ta miƙo sabulun.

A sati na shida, ranar Alhamis, maigidana ya dawo yana cin tuwo ya ce, kamar yana ba da labarin taki, wai sun yi waya da Inna, an yanko wa yarinyar yadin makaranta, Litinin za a sa ta a can Argungu don kada zama ya yi mata yawa. Na ajiye abin da ke hannuna. Na san abin da wannan ke nufi, kowa ya sani. Yaye yana da ranar ƙarewa ko ta yi nisa. Amma in aka ɗinka mata kayan makarantar wani gari aka rubuta sunanta, ta zama 'yar riƙo. Sai dai in riƙa ganinta da Sallah, har ranar da za a kira ni bikinta in zauna a gefe kamar baƙuwa.

Da safe na goya yaron, na auna shinkafa sabuwar gumi a ɗan buhu, na tafi tasha. Ba zan iya cewa na zo ganin ɗiyata ba, don haka na zo kawo wa Inna shinkafa. Duk hanyar ina haɗa maganar da zan faɗi, ina warware ta. Motar ta tsaya ɗaukar buhunan albasa, na yi faɗa da direba har fasinjoji suka ba ni haƙuri.

Gidan Inna babban gida ne, akwai matan yayyen mijina da yaransu. Na yi sallama suka tare ni da "ga 'yan birni, ga 'yan birni," aka karɓi goyo, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗakin Inna. Ina gaisawa idona yana yawo, kuma ina hana shi. Sai ga ta ta fito daga bayan rumbu. Ta yi ƙiba. An yi mata kitso ƙanana, an sa mata lalle har wuyan hannu. Ta zo ta durƙusa nesa da ni, inda ake durƙusa wa baƙi.

"Anti, ina kwana? Kun zo lahiya?"

Na ce, "Lahiya lau," ina kallon wani wuri, yadda ya kamata. Ta tashi ta tafi wurin ƙanenta tana yi masa wasa. Shi ta yi kewa.

Ta ƙofar ɗaki na hango yadin a kan gadon Inna, a ninke, shuɗi mai ratsin fari. Inna ta ga inda nake kallo. Ta ce in an sauko daga Juma'a za a kai ta wurin tela a gwada ta, yana nan bayan gida.

Na zauna ina kallonsu har azahar. Inna ta zuba shinkafar da na kawo a faifai ta ba yarinyar ta tsince. Ta ɗauki lokacin da ni zan tsince kwano uku, amma ko tsakuwa ɗaya ba ta bari ba, kuma Inna ba ta tsaya a kanta ba, ta ci gaba da gyaran busasshen kifinta. Da za a ci abinci, nata aka fara zubawa tun kafin na kowa, don a san za ta daɗe. Ba wanda ya ce mata komai. Na ga dabarar, ba wai ban gani ba. Amma na ce a raina, Inna ba ta da famfo mai ɗaukewa, ba ta da goyo, ba ta da get da ake rufewa. Haƙuri yana da sauƙi ga wanda ba abin da ke kan wuta.

Maza suka tafi masallaci. Na ɗauki zanen goyo na zagaya bakin rijiya in wanke. Ina cikin wanki sai na ga inuwa. Ita ce, ta ɗauki moɗa tana zuba mini ruwa, kaɗan-kaɗan, yadda take yi wa kakarta. Ba kowa sai mu biyu. Tun da ta dawo daga yaye ban tuna ranar da muka kasance mu biyu ba tare da ina sauri ba.

Na ce, "Ba ki son komawa gida?"

Ta ce, "Nan na gida."

Na ce, "Gidanmu nike nuhi. Badariya."

Ta zuba ruwa. Ta dubi moɗar, ta dubi ruwan da ke gangara cikin ƙasa. Hannuna ya fara ƙaiƙayi, "yi sauri" ɗin nan na kullum ya zo mini baki. Na cusa hannuwana biyu cikin kumfa na danne zanen. Can ta ce, ba ta dube ni ba:

"Kin ce ba naki ciki."

Na ce, "Haka aka cewa. Magana ta kawai ta manya."

"Don mi?"

Yaya zan gaya wa 'yar shekara biyar cewa don ina sonta ne dole in ce ba ruwana da ita? Ni kaina a lokacin maganar ta daina yi mini ma'ana.

Ta ce, "Ƙarya kika yi ma Inna?"

Na ce, "I."

Ta yi tunani mai tsawo. "Inna ta ce ƙarya ba ta da kyau."

Na ce, "Inna ta yi gaskiya."

Ta ajiye moɗar ta tafi. Ban san ko na gyara ba ko na ƙara ɓatawa.

Da aka sauko daga masallaci, Inna ta fito da yadin a hannu tana gyara mayafi. Matan gidan suna zaune a tsakar gida, wata tana kitso, wata tana jajjage. Inna ta ce, "Ƙawata, taho mu tahi tun tela bai hita ba." Yarinyar ta tashi tana neman silifas.

Ban shirya ba. Duk abin da na haɗa a mota ya tafi. Na dai ji muryata, kuma da ƙarfi ta fito, yadda take fita a Badariya:

"Inna, kada a ɗinka."

Jajjage ya tsaya. Inna ta juyo.

Na durƙusa. Na ce, "Ku gahwarce ni. Ɗiyata ta. Ina son abuna. Na zo in tahi da ita."

Wata daga cikin matan ta yi salati. Mai kitso ta ce, "Yau mun ga ikon Allah. 'Yar hwari, gaban uwar miji?" Wata ta ce da ƙaramar murya, amma don in ji, "Boko kenan." Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa duron gumi. Na san kafin magariba maganar ta zaga dangi, kafin Lahadi ta isa kunnen uwata.

Inna ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Na tambaye ki. Da bakinki kika ba ni."

Na ce, "Kunya nij ji, Inna."

Ta ce, "Kunyar ba ta hana ki marinta gabana ba."

Na dubi ƙasa, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba.

Ta ce, "Ni ba ni hana uwa ɗiyatta. Ban ɗauke ta don in raba ku ba, abin da nig gani ran nan na ya sa. Amma ba ni kama ta in jehwa mota tana kuka. Ga ta nan. Tambaye ta."

Yarinyar tana tsaye, silifas ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na juya gare ta a gaban duk matan nan, na ce, "Za ki bi ni?"

Ta dube ni. Ta dubi Inna. Ta dubi silifas ɗin. Kaza ta ratsa tsakaninmu ta wuce. Ƙanenta ya fara ƙananan kuka a hannun wata, ban waiwaya ba. Ban taɓa jiran wani abu haka ba a rayuwata, kuma kowane sashe na jikina yana so in miƙe in fizgi hannunta a gama. Na san zan iya. Minti biyar ya isa, ta yi kukanta a mota ta gaji, kuma babanta ba zai maido ta ba in ya ga ta riga ta zo.

Ta matsa a hankali ta kama gefen zanen Inna, ta ɓoye rabin fuskarta a ciki. Ido ɗaya yana kallona. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Mai kitso ta ce, "To, kin ji amsa."

Inna ta ce, "Ba ta ce komi ba tukuna." Ta koma ɗaki ta ajiye yadin, ta fito. "Tela na nan har Lahadi. Amma Litinin sai ta shiga makaranta, ko can ko nan. Ba ni barin ta zaune don manya sun kasa magana."

Aka watse, kowa ya koma aikinsa, ana satar kallona. Na zauna a tabarma na ba yaron nono. La'asar ta yi. Na san motocin Birnin Kebbi suna raguwa in rana ta yi sanyi, na san maigidana zai dawo ya tarar ba tuwo, ruwa zai zo da asuba ba mai tara mini, ga masu jiran shinkafa ranar Asabar. Duk na lissafa, kamar kullum. Yarinyar tana can gefe tana jera tsakuwa, lokaci-lokaci tana ɗagowa ta ga ko na tashi.

Na ɗauki waya na kira babanta. Na ce ya ci abinci a Ambursa, ba zan dawo ba sai Lahadi. Ya fara tambaya, na ce zan yi masa bayani, na kashe.

Ga abin da na yanke. Kwana biyun nan ni zan yi mata wanka, ni zan zuba mata abinci in zauna har ta cinye, ko da za ta kai azahar, matan gidan su faɗi abin da za su faɗi. Lahadi da hantsi zan sake tambayarta a gaban Inna, in kira ta da sunanta. In ta ce za ta bi ni, gumi ya koma Asabar da Lahadi kawai, ranakun da ba makaranta. In ta sake kama zanen kakarta, ni da kaina zan kai ta wurin tela, kuma kowace Juma'a zan shiga mota in zo, ba da buhun shinkafa ba, in sake tambaya.